Quansheng UV-K5: Ƙaramar oba-oba da masu son rediyo suka sauya wa ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa Farm Centre a Kano, ko wurin mai gyara a kasuwar garinsu, ya san kalmar filashin. Waya ta maƙale a tambarin kamfani, ta ƙi gaba ta ƙi baya, sai mai gyara ya jona ta da kwamfuta, ya goge manhajar da ke cikinta ya zuba wata, ta farfaɗo. Irin wannan aikin ne ya mayar da wata ƙaramar oba-oba 'yar China, wadda kuɗinta bai wuce dala 20 zuwa 30 ba a kasuwannin intanet, ɗaya daga cikin na'urorin da masu sha'awar rediyo a duniya suka fi yin rububi a kai tun shekarar 2023. Sunanta Quansheng UV-K5.

Bambancin shi ne, su ba don ta lalace suke mata filashin ba. Lafiyarta ƙalau. Sun dai gano cewa kayan da ke cikinta sun fi ƙarfin abin da kamfanin ya bari ta yi, sai suka cire manhajar kamfanin suka rubuta tasu.

Mece ce sikanar rediyo?

Ba sikanar asibiti ake nufi ba, ba kuma ta ɗaukar takardu ba. Sararin kowane gari cike yake da siginar rediyo iri-iri, kowacce a zangonta, kuma ana auna zangon ne da megahaz. Ita ce lambar nan da gidajen rediyon FM ke maimaitawa, kamar 99.5 ta Freedom Radio a Kano. Rediyon gida tana kama daga 87.5 zuwa 108 ne kawai. Amma da an haura 108 sai a shiga zangon jiragen sama, wanda ya kai har 137. Daga 144 akwai zangon masu rediyon sa-kai, wato mutanen da suka karɓi lasisi don su riƙa magana da juna ta iska saboda sha'awa kawai. A wajen 156 jiragen ruwa ne. Sama da 400 kuma nan ne yawancin oba-oban masu gadi, otal-otal da kamfanonin gine-gine suke.

Matsalar waɗannan zangunan ita ce, ba kamar gidan rediyo ba ne da ke magana dare da rana. Wani zai yi magana na daƙiƙa biyar, sai shiru na minti goma. Shi ya sa aka ƙera sikana: na'ura ce da ke tsalle daga wannan zango zuwa wancan da sauri, inda ta ji murya ta tsaya, da an yi shiru ta ci gaba. Sikana ta gaskiya saurare kawai take yi, ba ta da maɓallin magana. Ita UV-K5 ba a haka aka ƙera ta ba, oba-oba ce mai aikawa da karɓa. Sabuwar manhaja ce ta mayar da ita sikanar talaka.

Zamanin almakashi

Taɓa cikin sikana ba yau aka fara ba, kuma a Amurka abin ya fi ƙamari. A shekarun 1980 wayoyin salula na can ba na dijital ba ne. Murya ce tsirara a kan iska a wajen megahaz 800, duk mai sikanar da ta kai wannan zangon zai ji hirar mutane kamar yana sauraren wasan kwaikwayo. A 1986 aka yi dokar da ta haramta sauraren wayar wani. Kamfanin Radio Shack ya toshe wannan zangon a sikanarsa mai suna PRO-2004, amma toshewar ta dogara ne da wani ɗan mitsitsin diyod guda ɗaya a kan fanel. Mutane suka gano shi. A kwance murfi, a datse ƙafar diyod ɗin, zango ya dawo.

Majalisar Amurka ta sake yin wata doka a 1992, wadda ta sa daga watan Afrilun 1994 aka hana ƙera ko shigo da duk sikanar da ke kama zangon salula, ko wadda za a iya buɗe ta cikin sauƙi. Duk da haka tsofaffin na nan a hannun jama'a. A watan Disamba na 1996 wasu ma'aurata a jihar Florida suka kama wata hirar waya da shugaban majalisar wakilai na lokacin, Newt Gingrich, yake ciki, suka naɗe ta a kaset, maganar ta kai har shafukan jaridu. A 2008 aka daina tilasta wa kamfanonin sadarwa riƙe wancan tsohon tsarin, ya mutu, amma sikanonin da aka ci gaba da sayarwa a Amurka suna zuwa da zangon a toshe.

Daga nan kamfanoni suka daina ɗora makulli a kan diyod, suka mayar da shi cikin manhaja, inda almakashi ba ya kaiwa. Sikanar Uniden SDS100, wadda ta fito a 2018 kuma kuɗinta ya haura dala 600, misali ce mai kyau. In mutum yana son ta fahimci tsarin murya na dijital irin su DMR ko NXDN, ba wani ƙarfe za a ƙara mata ba. Kuɗi zai sake biya, a ba shi lambar sirri da aka ɗaure da lambar na'urarsa, ya shigar, aiki ya buɗe. Kayan na hannunsa tun ranar da ya saya, izini ne bai saya ba.

Masu kutse ma suka bi makullin can. A watan Janairun 2016, a taron ShmooCon da ke birnin Washington, wani masanin tsaron na'urori mai suna Travis Goodspeed ya nuna yadda aka fasa manhajar oba-obar Tytera MD-380, aka koya mata jin duk hirar DMR da ke kan zango, ba wadda aka aiko mata kaɗai ba. Bayan shekaru uku aka samu OpenGD77, cikakkiyar manhaja ta masu sa-kai da ta maye gurbin ta kamfani a oba-obar Radioddity GD-77. Saboda haka lokacin da UV-K5 ta fito, akwai mutanen da suka riga suka san hanya.

Abin da ke cikinta

In aka kwance UV-K5, aisi huɗu ne suka fi muhimmanci. Na farko BK4819 na kamfanin Beken, shi ne rediyon kansa, shi ke karɓa shi ke aikawa. Na biyu DP32G030, ƙaramar ƙwaƙwalwa mai tsarin ARM Cortex-M0 da ke ba BK4819 umarni, tana zana abin da ake gani a sikirin, tana karanta maɓallai. Na uku BK1080, wanda aikinsa kawai kama gidajen rediyon FM. Na huɗu wata 'yar ma'adana ce mai kilobait 8 da ke riƙe tashoshi 200 da mutum ya adana da sauran saituna. A tuna da wannan ta huɗun, za a dawo kanta.

Manhajar ciki, wato wadda ake zubawa lokacin filashin, tana zaune ne a cikin DP32G030. Wurin da take da shi kilobait 64 ne, kuma kilobait 4 daga ciki na wata ƙaramar manhaja ce mai tsaron ƙofa, wadda ita ke karɓar sabon fayil idan an zo filashin. Saura kilobait 60. Wayar da ke da gigabait 64 ta ninka wannan wurin sau kusan miliyan ɗaya. Hoto guda da aka turo ta WhatsApp sau da yawa ya fi shi nauyi.

Kamfanin ya saita na'urar ta riƙa karɓa daga megahaz 50 zuwa 600. Amma shi BK4819 ana iya tura shi daga 18 har zuwa 1300, sai dai akwai giɓi a tsakiya, daga sama da 600 kaɗan zuwa 840. Wato iyakar da aka sa lamba ce kawai a cikin manhaja.

Yadda aka buɗe ta

Quansheng na sakin fayilolin sabunta manhaja don masu saye su sauke. An ɗan lulluɓe su, amma da dabara mai rauni, ba irin makullin da ke kan wayoyin zamani ba, kuma mai tsaron ƙofar ba ya neman sa hannun kamfani kafin ya karɓi fayil. Cikin 'yan watanni a 2023 aka warware lulluɓin aka wallafa hanyar a GitHub.

Matakin farko faci ne. A ɗauki fayil ɗin kamfani, a nemo inda aka rubuta iyakar zango, a sauya lambar, a mayar. Wasu suka sauya girman haruffa, wasu suka ƙara ma'aunin ƙarfin sigina, wani ma ya cusa mata wasan Pong. Har aka yi wani shafi mai suna UVMOD inda mutum zai zaɓi facin da yake so kamar yana zaɓen miya a gidan abinci, shafin ya haɗa masa fayil.

Amma faci yana da iyaka, don mai yin sa yana aiki ne a kan ginin da bai ga taswirarsa ba. Babban aikin shi ne wanda wani mai amfani da laƙabin DualTachyon ya yi a wannan shekarar: ya zauna ya karanta manhajar kamfanin a yaren na'ura, umarni bayan umarni, ya sake rubuta ta gaba ɗaya da yaren C da mutum zai iya karantawa, ya sake ta kyauta. Duk wanda ya taɓa buɗe rubutun wani da ba shi da bayani ko sunaye masu ma'ana ya san wannan ba aikin mako ɗaya ba ne. Daga kansa reshe ya yi ta fita. A reshen OneOfEleven aka gyara sautin jiragen sama. Fagci ya inganta allon da ke zana sigina. Egzumer ya haɗa ayyukan biyu da wasu a manhaja ɗaya, wadda ta zama ita ce yawancin mutane ke fara sawa. Wani Bafaranshe mai lambar kira F4HWN ya ɗora daga nan. A Italiya kuma akwai IJV, wadda ta bi tata hanyar.

Gyaran sautin jiragen sama ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, don shi ne ya fi nuna abin da manhaja ke iya yi. Matuƙa jirgi da hasumiya suna magana ne da tsarin AM, inda ƙarfin sigina ke hawa da sauka daidai da murya. Shi kuma BK4819 don FM aka fi ƙera shi. Da manhajar kamfani, idan sigina ta yi ƙarfi sai ta cika masa kunne, hawa da saukar su baje, murya ta fito a dagule kamar lasifikar da aka ƙure. Mutum zai ɗauka laifin ƙarfe ne. Ashe aisin yana da matakan ƙara ƙarfi da ake iya juyawa da umarni, kamfanin ne bai kula da su yadda ya kamata ba. Sabuwar manhajar tana auna ƙarfin sigina sau da yawa a cikin daƙiƙa, in ta yi yawa ta rage, in ta yi ƙasa ta ƙara, kamar mutumin da hannunsa ba ya barin kan maɓallin ƙara sauti. Ba a sauya ko waya ɗaya a ciki ba, murya ta fito tas.

Shi kuwa allon zana sigina, shi ne ya fi jan hankali a bidiyo. A manhajar Egzumer, a danna F sannan 5, sikirin ya koma jadawali, duk inda ake magana sai a ga layi ya miƙe sama kamar turke. Maimakon lalube a duhu, mutum na ganin inda motsi yake. Irin wannan allon a da sai a na'urori masu tsada.

Komai sai ya shiga kilobait 60

A nan ne abin ya zama darasi ga duk matashin da ke koyon rubuta manhaja. A waya, in manhaja ta ƙara megabait 50 ba wanda zai ce uffan. A UV-K5 kowane bait sai an yi ciniki a kansa. Don a samu wurin allon zana sigina sai da aka cire muryar da ke karanta lambobi idan an danna maɓalli, aka cire ƙararrawa, aka cire tashoshin yanayi na Amurka. Fayil ɗin da ke sarrafa haɗa manhajar cike yake da layuka masu 1 ko 0: kunna wannan, kashe wancan. In mutum ya yi haɗama ya kunna duka, sai fayil ya fi ƙarfin ma'adana, haɗawa ta tsaya.

Shi ya sa tambayar wace manhaja ce ta fi kyau ba ta da amsa ɗaya. Wadda ke da tura gajeren saƙon rubutu tsakanin oba-oba biyu ta sadaukar da wani abu kafin ta samu wurinsa. Ga wanda saurare kawai ya kawo shi, Egzumer ko F4HWN sun wadatar, kuma su ne suka fi samun bayanai a rubuce idan an maƙale.

Yadda ake filashin, da inda ake yin asara

Aikin kansa bai kai na waya wahala ba. Ana buƙatar kebul mai baki biyu irin na Kenwood, wanda ake amfani da shi a Baofeng, da kwamfuta. Ramin USB-C da ke jikin UV-K5 ta asali na caji ne kawai, bayanai ba sa bi ta nan. A kashe na'urar, a danne maɓallin magana, a kunna ta yana danne. Tocilar da ke samanta za ta kama, sikirin ya zauna ba komai. Wannan ita ce alamar mai tsaron ƙofa na jira. Sai a jona kebul, a buɗe shafin filashin a Chrome ko Edge, a zaɓi fayil, a jira. Ba ya ɗaukar dogon lokaci.

Yawancin matsalolin farko daga kebul ne. Bakinsa yana buƙatar a tura shi sosai har ya zauna, in ya rage ko kaɗan kwamfuta ba za ta ga komai ba. Wasu kebulan kuma suna ɗauke da jabun aisin Prolific da Windows ke ƙin karɓa. Masu CH340 sun fi sauƙin sha'ani.

In wuta ta ɗauke ko kebul ya zare ana tsakiyar aiki, ba abin tashin hankali ba ne sosai, don mai tsaron ƙofar yana wurinsa daban, filashin na yau da kullum ba ya taɓa shi. A sake danne maɓalli a fara daga farko.

Asarar gaske tana wajen 'yar ma'adanar nan mai kilobait 8. A ƙarshenta akwai bait 512 da aka rubuta a masana'anta: nawa ne ƙarfin da za a tura a kowane zango, a wane mataki za a buɗe lasifika, wace lamba ce ke nufin batir ya cika. Ba na'urori biyu da kayansu suka yi daidai ɗari bisa ɗari, don haka waɗannan lambobin na wannan na'urar ne ita kaɗai. Manhajoji daban-daban kuma ba tsari ɗaya suke bi wajen amfani da ma'adanar ba. Wanda ke tsalle daga wannan manhaja zuwa waccan, ko ya loda fayil ɗin saitin abokinsa, zai iya take su bai sani ba. Na'urar za ta kunnu lafiya, amma batir ya riƙa nuna ƙarya, ko ta kurmance, ko ta riƙa tura ƙarfin da bai dace ba. Ana iya aron lambobin wata, amma rigar aro ce. Maganin kuwa minti biyu ne: kafin a taɓa komai, a sauke kwafin ma'adanar gaba ɗaya da manhaja irin k5prog ko shafukan filashin da ke da wannan zaɓin, a ajiye a wuri biyu. Duk bidiyon koyarwar da ya tsallake wannan matakin bai cancanci a bi shi ba.

Akwai kuma sabon tarko. UV-K5(8), UV-K6 da UV-5R Plus na farko duk ciki ɗaya ne da UV-K5, fayil ɗaya ke musu aiki. Amma daga baya kamfanin ya fara fitar da wasu da jiki iri ɗaya, suna iri ɗaya, ƙwaƙwalwa kuma daban, ta kamfanin Puya. Ana kiransu V2 da V3, kuma UV-K1 ma tana cikin wannan sabon layin. Fayil ɗin da aka haɗa don tsohuwar ƙwaƙwalwa ba ya aiki a kansu, zuba shi na iya kwantar da na'urar. Wanda ya saya kwanan nan ya cire batir ya karanta takardar da ke manne a baya kafin ya sauke komai.

Abin da manhaja ba za ta iya ba

Ganin 1300 a sikirin ba ya nufin na'urar tana ji a 1300. Tsakanin eriya da BK4819 akwai matatai, ƙananan kayan lantarki da ke barin wani zango ya wuce su tare sauran, kamar rariya. An ƙera su ne don zangon 136 zuwa 174 da na 400 zuwa 470. Nesa da nan, kunnen na'urar yana raguwa ƙwarai. Manhaja na iya cewa aisi ya saurari megahaz 25, amma ba za ta iya faɗaɗa idon rariya ba. A tsakiyar birni mai gidajen FM masu ƙarfi ma sai a riƙa jin su suna kutsowa inda ba wurinsu ba.

Eriya ma haka. Akwai lissafi mai sauƙi: a raba 75 da lambar megahaz, abin da ya fito shi ne kimanin tsawon eriyar da ta dace a mita. A 435, santimita 17 ne. A 145, kusan rabin mita. A 27, ya kusa mita uku. 'Yar guntuwar robar da ke zuwa a kwali ba za ta yi aikin mita uku ba ko wace manhaja aka sa.

Sai babbar ƙaryar da ke yawo a gajerun bidiyo, cewa da wannan na'urar ana jin hirar wayar mutane. Ba a ji. Abin da ya faru a Amurka ya faru ne don wayoyin lokacin murya ce tsirara. GSM da duk abin da ya biyo bayansa dijital ne, kuma a kulle. Ko mutum ya kai ta zangon 900, hayaniya kawai zai samu. Kiran WhatsApp kuwa ba a maganarsa. Hatta oba-oban dijital masu DMR, UV-K5 ba ta fassara su, wani gurnani za a ji kamar injin markaɗe. Wanda ya saya don leƙen asirin budurwa ko maƙwabci ya yi asarar kuɗinsa.

Maɓallin magana

Wannan ne wurin da wasa ke ƙarewa. Wasu manhajojin suna ba da damar buɗe aikawa a duk zangon da aisin ke kaiwa, kuma akwai masu ɗaukar wannan a matsayin burgewa. Duk mai aikawa yana fitar da sigina a zangon da aka zaɓa, yana kuma fitar da 'ya'yanta a ninki biyu, ninki uku, ninki huɗu, haka dai. Aikin matata ne ta kashe 'ya'yan. A ɗauki wanda ya saita UV-K5 a megahaz 27 ya danna maɓalli. Sashen ƙara ƙarfi ba a ƙera shi don 27 ba, don haka abin da ke fita a nan ɗan kaɗan ne. Amma ninki huɗu na 27 shi ne 108, ninki biyar 135, dukansu a zangon jiragen sama, kuma matatar da aka yi don ta bar 136 zuwa 174 su wuce ba za ta tare su ba. Mutum na ganin 27 a sikirin, muryarsa kuma tana fita inda matuƙin jirgi ke sauraren hasumiya. A cikin wannan zangon ne 121.5 take, lambar neman agajin gaggawa ta jiragen sama a duk duniya. Ga na'urar kanta ma ba alheri ba ne, aikawa a zangon da eriya ba ta dace da shi ba na iya ƙona sashen ƙarfin.

Ta fuskar doka, aikawa sai da lasisi kusan a ko'ina. A Amurka hukumar FCC ta fitar da gargaɗi a watan Satumban 2018 kan shigo da irin waɗannan oba-oba masu arha da ke aikawa inda ba a ba su izini ba. A Ingila abin ya wuce haka, dokar 2006 ta sa ko sauraren saƙon da ba don jama'a aka aika shi ba laifi ne. A Najeriya akwai dokar na'urorin sadarwa marasa waya da ta samo asali tun 1961, kuma rabon zango yana hannun NCC, da NBC, da ma'aikatar sadarwa ta tarayya, kowacce da ɓangarenta. Masu rediyon sa-kai na Najeriya lambar kiransu na farawa da 5N, na Nijar 5U, na Ghana 9G. A Nijar hukumar ARCEP ce ke kula da zango.

Bayan doka akwai halin da ake ciki. A yankunan da ke fama da matsalar tsaro, matashin da aka tsayar a shingen bincike aka ga oba-oba a jakarsa, sikirinta na zana layuka, zai sha tambayoyi kafin ya kai ga bayanin GitHub. Wuri ne da ya kamata a bar ta a gida. Manhajar Egzumer tana da ɓoyayyen jerin saituna da ake shiga ta hanyar danne maɓallin magana da na gefe na sama lokacin kunnawa, kuma a ciki akwai zaɓin kulle aikawa gaba ɗaya. Ga wanda ba shi da lasisi, wannan shi ne saitin farko da ya kamata ya taɓa. Da shi na'urar ta zama sikana ta gaskiya, ko yaro ya ɗauka ya danna ba abin da zai fita.

To me ya rage a saurara?

Abin da ya fi daɗi ma ba a ƙasa yake ba. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, ISS, tana kewaya duniya a nisan kusan kilomita 400, zagaye ɗaya cikin kimanin minti 90, kuma hanyarta na bi ta saman Najeriya da Nijar. Tana da kayan rediyon sa-kai a ciki. A 437.800 ana jin masu rediyo daga ƙasashe daban-daban suna magana da juna ta cikinta, a 145.800 kuma 'yan sama-jannati kan yi hira da ɗaliban makarantu, wani lokaci a riƙa aiko da hotuna ta sauti. Waɗannan zangunan suna daidai inda matatan UV-K5 suka fi ƙarfi. Akwai manhajojin waya da ke faɗin lokacin da tashar za ta wuce. Ba ta wuce minti goma a sama, kuma saboda gudunta zangon 437 yana ɗan zamewa, sai an fara daga sama kaɗan ana saukowa. Idan lokacin hotuna ne, sai a kara wayar Android a bakin lasifika, a buɗe manhajar Robot36, ta mayar da wannan kukan hoto layi bayan layi.

Masu marmarin gajeren zango, wanda iyaye da kakanni suka saba kama BBC Hausa da Muryar Jamus a kai, su kam manhaja kaɗai ba za ta kai su ba, don yawancin waɗannan tashoshin suna ƙasa da megahaz 18. Masu gyara sun samo hanya: a cire BK1080 da na'urar narka dalma, a dasa wani ɗan fanel mai aisin SI4732 a wurinsa, wanda shi an ƙera shi ne don matsakaici da gajeren zango. Aiki ne na mai hannun gyaran waya, ƙafafun aisin ƙanana ne kuma kuskure ɗaya na iya ɗaye layin fanel. Bayan an gama sai an zuba manhajar da aka rubuta musamman don sabon aisin, sannan a nemi doguwar waya mai mita da yawa a rataya daga taga zuwa bishiya a matsayin eriya.